Ranar da Na Shanya Rigakafin Kajin Gwaggo

Ba zan taɓa mantawa da kajin Gwaggo Ladi ba, duk da ta ce ta yafe. A farkon shekarun tamanin ne, ina lebura a wani kamfanin abincin kaji a Sharaɗa, ina haɗa dusa da tunkuza da garin kifi. A ƙauyenmu na wajen Challawa kuwa "ɗan boko" ake ce mini, don na gama firamare (da ƙyar, amma wannan ban gaya wa kowa ba).

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Mijinta ya rasu, da ƙwan kajinta take ciyar da marayunta. Da annobar kaji ta fara zagaya ƙauyuka, na yi mata alƙawarin rigakafi. Malam Isiyaku, likitan dabbobin kamfaninmu, ya ba ni 'yar kwalba a filas cike da ƙanƙara.

"Ka kula," in ji shi. "Ƙwayar cutar ce a ciki, an raunana ta, amma da ranta. In ta mutu, ruwa kawai ka ba su."

Da ranta! Ina tuƙa keke ina tuno karatun aji biyar: mai rai yana ci, yana numfashi, yana son ɗumi. Wane mai rai ne zai rayu cikin ƙanƙara, a kwalba a toshe? Na ce lallai sauri ne ya ruɗa Malam. Na tsaya na zubar da ƙanƙarar, na ɓalle marfin. Da na isa gida na ɗora kwalbar kan katanga ta sha rana, har sukari na barbaɗa mata (Allah Ya yafe mini). Sannan na zuba a ruwan kaji.

Bayan sati uku annoba ta iso. Wuyan kaji ya riƙa murɗewa, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ni na haƙa ramin da aka zuba su.

Maimakon in yi shiru, sai na ɗauko Gwaggo har ƙofar kamfani, lokacin hutun cin abinci, ma'aikata cike da wurin.

"Malam, maganin banza kuka ba mu!"

"A ƙanƙarar ka bar shi?"

"Haba Malam! Ai ni na ceto ƙwayar daga sanyi." Na zayyana masa komai da alfahari, har sukarin.

Wani direba ya ƙware da shinkafa. Aka fashe da dariya, wani na cewa, "Ka manta ba ka ba ta bargo ba, likita!" Malam bai yi dariya ba.

"Wannan ba ta ci, ba ta numfashi," in ji shi. "Ba ta ko hayayyafa sai ta shiga jikin kaza. Rigarta furotin ce, irin sinadarin da ke cikin ƙwai, zafi na lalata ta kamar yadda yake dafa ƙwai. Ka taɓa ganin dafaffen ƙwai ya koma ɗanye?"

Na juya wajen Gwaggo. Ta kalle ni, ta ce a hankali, "Ɗan nan, sukarin ma nawa ne."

Ba ta ƙara kiwo ba. Surfe ta koma yi a gidajen mutane, har bayanta ya ranƙwafa. Ni kuwa tun daga ranar, in masani ya ce a bar abu yadda yake, haka nake barinsa. Aji biyar ɗina ya riga ya kashe abin da zai kashe.