An Kori Surukina Daga Kujerar Hagu

Safiyar wata Litinin an kama surukina da laifin karanta jarida yana tuƙi. Dattijon da tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa tuƙa komai ba sai keken ɗinki.

Muna cikin cunkoson shataletalen kasuwa, motoci na jan ciki, sai ga wani jami'in hanya ya taso a guje yana busa usur. Kai tsaye ya nufi tagar hagu, inda kowane direban kirki yake zama a garin nan. Ya tarar da tsoho ya baje jarida da hannu biyu har ta rufe gilashin gaba, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, mota kuma tana tafiya abinta. Bawan Allah ya kusa haɗiye usur ɗinsa. Ya nemi lasisi, Baba ya ce ba shi da shi, bai ma taɓa nema ba. Ya tambayi inda aka kai sitiyarin, Baba ya nuna ni da haɓa ya ci gaba da karatunsa. Ni kuwa ina can gefen dama ina riƙe da sitiyari, dariya na neman kashe ni, ina danne ta saboda kunyar suruki da tsoron hukuma.

Dariyar ba ta yi nisa ba. Jami'in ya zagayo wajena, ya gyara wuyan riga, ya sanar da ni cewa sabuwar doka ta fito: duk motar da sitiyarinta ke dama, ko a mayar da shi hagu kafin wata ya ƙare, ko ta tafi ofishinsu ta zauna har kaji su yi ƙwai a cikinta.

Bari in yi muku bayani, jama'a, kada ku ɗauka ni da surukina mun zautu. Motata ta hannu ce, 'yar ƙasar waje, ta gama yi wa wani bawan Allah hidima a ƙetare kafin ta hau jirgin ruwa ta zo ta ƙarasa rayuwarta a hannuna. Dillalin ya rantse injinta lafiya lau, ya ce ɗan abu ɗaya ne kawai, sitiyarin yana dama, ya faɗe shi a gurguje kamar mai cewa madubi ya ɗan tsage. Masu karɓar kuɗin fito suka leƙa ta, suka karɓi haƙƙinsu, suka buga hatimi. Masu lamba suka leƙa ta, suka ba ta lamba. Duk cikinsu ba wanda sitiyarin ya tsone wa ido a lokacin.

Makon farko na sha kallo. In fito da safe cikin isa, in buɗe ƙofar hagu, in zauna, in miƙa hannu in ji wayam. In zan sha kwana in kunna sigina, sai waifa ta kama share busasshen gilashi. Mai gadin wajen aikinmu yana miƙo kati ta hagu, sai na kwanta rub da ciki a kan kujera kafin in karɓa. Amma duk wannan wasa ne. Babbar fitinar ita ce wuce tirela. Ni ina can gefen kwata, ba abin da nake gani sai bayanta da hayaƙinta, kafin in leƙa sai na tura rabin mota bakin mai tahowa.

A nan Baba ya shigo. Mahaifin maiɗakina ne, tela ne tun yana saurayi, har ido ya daina ganin kafar allura aka rufe shagon. Da matarsa ta rasu muka ɗauko shi ya dawo wajenmu. Ya sami wata kujera a ƙofar gida ya lafe a kanta, daga safe har yamma, magana sai an tambaye shi, abinci ya ɗan taɓa ya ture. Kullum 'yarsa na kallonsa ta taga tana share ido da gefen ɗankwali.

Rannan na ɗauke shi zuwa asibiti, muka maƙale a bayan wata tifa. Na fara karkata mota zan leƙa, sai na ji murya daga hagu ta ce, "Dakata." Wata bas ta wuce mu fuu. Muryar ta sake cewa, "To, yanzu wuce." Ashe idon da ya yi faɗa da allura yana hango mota tun tana kamar ƙuda a ƙarshen titi. Ko jaridar nan ma sai ya miƙe hannu iya tsawonsa yake karanta manyan kanunta.

Daga ranar Baba ya kama aiki, ba wanda ya ɗauke shi. Kafin in gama wanka yana cikin mota da hularsa a kai. Ya raka ni wajen aiki, ya zauna da masu gadi ana hira har a tashi. Shi ke karɓar kati, shi ke ciniki da masu talla, a layin mai shi ke lallashin mai famfo. Duk direban da na ɓata wa rai kuwa, tagar hagu yake zuwa ya zazzage wa Baba zagi, Baba ya rama masa da riba, ya juyo ya ce mini yaran yanzu ba su iya tuƙi ba. Ya koma cin abinci har da neman ƙari. Maiɗakina ta ce ta manta ubanta yana da irin wannan dariyar.

To, wannan kujerar ce doka ta zo ɗaukewa.

Maƙwabcina mai guga, wanda rediyo ba ya barin kunnensa, shi ya ba ni asalin labarin. Wai Mai Girma Sarkin Tafiye-tafiye, Allah ya ƙara masa tikiti, shi ya jagoranci wani kwamiti zuwa ƙasashen waje don nazarin cunkoson motoci. Ku ji sadaukarwa. Ga cunkoso a ƙofar ofishinsu, na gida, mai kauri, kyauta, amma suka ƙi, suka ɗauki wahalar jirgin sama da otal da sayayya, suka je suka zauna a cikin cunkoson wasu, na'urar sanyaya mota tana busa su. Suna cikin wannan azaba ne wani mai kaifin basira a cikinsu ya lura cewa duk motocin da suka tsaya cik a garin da suka je sitiyarinsu na dama. Shi ke nan, an gano cutar. Suka dawo da akwatuna da rahoto.

Na tambayi mai guga ko rahoton ya ce wani abu game da ramin da ke gaban kasuwa, wanda yara ke wanka a ciki da damina. Ya ce ramin ai ba shi da sitiyari. Gadar da aka yi mana alkawarinta tun ina saurayi fa? Ya ce ita tana nan tafe, cunkoso ne ya riƙe ta. Na ce to jerin gwanon manya da ake tsare mu a rana sai sun wuce? Ya daki rigar da yake gogewa ya ce in rufa masa asiri, yana da iyali.

Ni dai na yaba. Ba ƙaramin ilimi ba ne mutum ya tsallake teku ya gano cewa ni da surukina ne muka hana gari motsi.

Da na faɗa wa Baba zan kai mota gareji a mayar da sitiyari, bai yi gardama ba. Ya ce doka ce, ai gara a bi. Sannan ya ce, "Yanzu ai za ka ga hanya da idonka, ba sai an gaya maka ba." Washegari na fito na same shi a tsohuwar kujerar ƙofar gida, ba hula, an ajiye masa shayi har ya huce. Wallahi raina ya ɓaci. Na tsaya riƙe da makulli ina jin kamar ni ne na rubuta dokar da hannuna.

Bakanikena, wanda ake kira Sufana, ya yi aikinsa yadda ya saba, wato ya warwatsa motar a ƙasa kamar kayan gwanjo ya tafi cin abinci. Da ƙyar aka samo sabon sitiyari aka dasa a hagu, aka ƙaura da birki da totur da kuloci. Waifa da sigina kuwa ya ce su sai dai mu ci gaba da haƙuri da juna. Da ya zo kan tsohon sitiyarin, ya kwance sandarsa daga ƙasa, ya tambaye ni ko ya cire kan ya toshe ramin da falanki. Na tsaya ina kallon abin. Na tambaye shi ko dokar ta ce kada a ga sitiyari a dama. Ya ce shi dai abin da ya ji, a mayar da na tuƙi hagu. Na ce to ya ɗaure wannan da kyau ya bar shi inda yake, yadda zai riƙa juyawa. Sufana ya dube ni, ya ce kuɗina ne, motata ce, haukana ne.

Na kawo mota gida na tsaya a gaban kujerar Baba, na buɗe masa ƙofar dama. Ya leƙa, ya ga abin da ke ciki. Sai ya ƙwala wa 'yarsa kira ta kawo masa hularsa.

Jiya muka fita tare. Ni a hagu, halastaccen direba, shi a dama ya damƙe sitiyari da hannu biyu, ya miƙe baya, yana leƙen madubi. In na sha kwana ya sha, wani lokaci ma ya riga ni. Wani mai babur ya kutso ta gefen kwata, ya kusa gogar mu, ya ɗago ya ga tsoho da sitiyari, ya ce masa direban banza. Baba ya yi dariya har da tari. Cunkoson kuwa yana nan daram inda muka bar shi, duk sitiyarin gari ya koma hagu amma ko taku ɗaya bai matsa ba. Can sai jiniya ta tashi, aka tsare mu gefe domin wani Mai Girma zai wuce.

Muna jira ne na ga Baba yana ta murza abinsa dama da hagu, sai tausayi ya kama ni, na ji ba daidai ba ne in bar dattijo a duhu. Na sassauta murya na ce, "Baba, kun dai san ba a haɗa shi da taya ba ko?"

"Na sani mana, ai ni ga surukina nan ya gaya mini." Ya bi baƙaƙen motocin da kallo har ta ƙarshe ta shige. "Shi wancan wa zai gaya masa?"

Aka buɗe hanya, na saka giya, Baba ya kama sitiyarinsa. Mai Girma dai yana can gaba da nasa, Allah ya sa kada ya gaji da murzawa.