Rasuwar Mai Kunne Takwas

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Baba na Ɗakin Inji, wanda ya shekara arba'in da ɗaya a masaƙa, ya ga bayan manajoji tara da gobara biyu, kuma har yau yatsunsa goma cif, yana sanar da rasuwar abokiyar aikinsa, na'urar sauraren injina da aka fi sani da Mai Kunne Takwas. Ta cika ranar Laraba da hantsi, tana da shekara goma sha ɗaya.

Marigayiyar ba ta da girman jiki. Sandar ƙarfe ce mai kunnuwa takwas a jere, tsakanin kowane biyu faɗin tafin hannu, da ɗan akwati mai allo. A ɗakin da inji ashirin ke ruri, mutum ba ya jin tarin kansa, ita sai ta ɗan jinkirta abin da wannan kunne ya ji, ta haɗa shi da na wancan, har jinta ya miƙe wuri guda kamar hasken tocila. Idan boris, wato ƙwallayen ƙarfen da inji ke juyawa a kansu, ya fara ci, ta ce “tit, tit”, kibiya a allon ta nuna mai laifi. Injiniyoyi sun yi shekaru a makaranta kafin su gane wannan. Baba bai taɓa zama a aji ba, a yini ɗaya ya gane.

Ta kasance mai riƙon amana. Shekara shida ke nan kunnuwan Baba suka yi ritaya ba su sanar da ofis ba, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ita ke ji, shi ke ɗaga yatsa, manaja na jinjina kai.

Ciwon ajalinta ya faro ne ranar share-share, lokacin da wani hannu mai daraja, wanda ba sai an ambata ba, ya zare wayoyinta takwas don ya goge su. Kowace waya da lambarta a jiki. Mai hannun, da bai taɓa zama a aji ba, bai ga dalilin tambayar yaran jiya abin da aka rubuta ba, ya mayar da su yadda suka fi kyau a ido. Tun daga nan ta rikice. Ta ɗora wa inji na uku laifi, aka kwance shi aka same shi lafiya lau, na sha biyu kuwa ya ƙone yana ta ihu. An yi mata magani da sukundireba, an kuma ɗan bubbuga ta. Kalmarta ta ƙarshe “tiii” ce.

Ta rasu ta bar caja ɗaya, da jakar leda mai yagaggen zif, da inji goma sha tara marayu, da Baba, wanda manaja ya ce ranar Litinin zai zaga ɗakin da shi, shi Baban ya nuna masa da kunnensa injin da zai bi bayan na sha biyu.

Za a sa ta a kwalinta ranar Litinin ɗin da ƙarfe takwas, a kai ta saman kabad ɗin sito. Daga nan za a wuce ɗakin inji gaba ɗaya. Ana roƙon masu ta'aziyya su tsaya kusa da Baba, ta bayan manaja. Duk wanda ya ji wani inji na kuka, ba sai ya yi magana ba, ya nuna da haɓa. Baba ya riga ya sani, so yake ya ga ko kun iya.