Rasuwar Ta-Lungu, Kwamfutar Mma Abiba

Da zukata cike da baƙin ciki, Mma Abiba, matar marigayi Malam Braimah na Whalley Range, tare da 'ya'yanta, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Manchester da Birmingham rasuwar kwamfutar gidansu, wadda aka fi sani da Ta-Lungu. Ta cika ranar Talata da hantsi bayan jinyar sati uku, tana da shekara bakwai a duniya. Waɗanda suka san abin sun ce a shekarun kwamfuta wannan ta ga tattaɓa-kunne.

Marigayiya ta shigo gidan a 2001, a kafaɗar Malam Braimah da kansa, har sama hawa na biyu. Aka ajiye ta a lungun falo, aka lulluɓe ta da tsohon mayafi saboda sanyi, ba ta ƙara motsawa daga nan ba. Mai haƙuri ce. Ita ta rubuta wa council, hukumar gari, wasiƙa tara a kan rufin da ke yoyo. Ita ta cike wa rabin zangon Hulme fom ɗin visa, har da waɗanda ba sa gaishe da Mma Abiba a hanya. Ta san shekarun haihuwar mata da yawa na gaskiya, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, abin da ba kowa zai iya ba. In an tashe ta da safe sai ta yi "fuuuu" kamar mai hura wuta, ta ɗan yi "ƙir-ƙir-ƙir", sannan ta yi 'yar waƙarta ta gaisuwa. Mutum zai iya dama koko ya shanye kafin ta gama buɗe ido.

Amma ba don wasiƙun council Mma Abiba ta daina cin abinci ba. A cikin marigayiya akwai muryar Malam Braimah, minti huɗu. Wata rana 'yarsu Hikma tana gwada sabon makirfo don kiran Kumasi, ta manta shi a kunne. Aka kama Malam yana tari, yana mitar shayi ya huce, sai kuma ya kira matarsa da wani suna da ba ya kiranta da shi a gaban mutane, ya yi dariya. Wata biyar bayan nan Allah ya yi masa rasuwa. Shekara biyu ke nan, duk Juma'a bayan la'asar Mma Abiba takan kulle ƙofar falo ta zauna gaban Ta-Lungu. Maƙwabta sun san lokacin, ba mai ƙwanƙwasa mata.

An sha ba ta shawara a kwafi muryar a ajiye a wani wuri. Ta ce maganar mijinta ba goron biki ba ce da za a yi ta rabawa. Ƙanwar Malam ɗin, Hajiya Suweiba ta Ladywood a Birmingham, ta roƙa har sau uku. Na ukun a gaban mutane ne, ta ce, "Abiba, yayana ne tun kafin ya zama mijinki." Mma Abiba ta ce, "Na sani, Hajiya. Amma a ɗakina ya yi maganar." Tun ranar gaisuwarsu ta koma "lafiya, lafiya lau", shi ke nan.

Ciwon ajali ya fara ne washegarin sunan jaririyar Hikma. Ranar sunan gida ya cika, motoci uku daga Birmingham kaɗai, jama'a duk sun sauka lambu ana rabon nama, falo ba kowa. Da gari ya waye marigayiya ta tashi da nauyin jiki. A taɓa ta, sai ta yi shiru kamar mai fushi. Fankarta ta riƙa "wuuuu" ba hutawa. Tana cikin aiki sai ta kashe kanta ta sake tashi. Daga nan ta fara aika wa mutane wasiƙu da sunan Mma Abiba, har da GP ɗinta, wato likitanta, har da wani malami a Tamale da ya bugo waya yana tambaya ko lafiya.

Aka kira Malam Falalu, mutumin Kano da ke PhD ɗin kwamfuta a uni, yana zaune Hulme da iyalinsa. Ya duba ya ce tsutsa ce. Mma Abiba ta ce kullum tana share lungun. Ya ce, "A'a Mma, ba irin wannan ba. Wannan a flash take zuwa, ɗan abin nan da ake kwafar abu daga kwamfuta a ciki. Wani ya soka nasa mai ciwo a jikinta, ta shiga, yanzu tana ta haihuwa a ciki." Ya ce ranar sunan aka soka, wajen ƙarfe uku. Mma Abiba dai ba ta da flash, ba ta ma san ramin da ake soka shi ba.

A yi wa Falalu adalci, ya yi ƙoƙari. Ya zare wayar intanet don kada ta shafa wa wasu. Ya tashe ta a abin da ya kira safe mode, fuskarta ta fito ƙwala-ƙwala kamar ta mai zazzaɓi. Ya kawo magani a faifai daga uni, ya bi cikinta lungu-lungu. Ya cire, ta dawo. Ya sake cirewa, ta sake dawowa da sabon suna. Mma Abiba tana bayansa a kan kujera da carbi, tambayarta ɗaya: "Muryar tana nan?" Shi kuma amsarsa ɗaya: "Mma, let me finish tukuna."

A karo na uku ya kama uwar tsutsar ya fitar da ita, ba ta dawo ba. Har an fara hamdala. Sai ya buɗe wurin da muryar take, ya tarar sunan fayil ɗin yana nan, ciki kuwa wayam, tsutsa ta cinye. Ya ce bari ya tono ko da saura a ƙasa. Yana cikin tonon ne tsohuwar zuciyar marigayiya ta gaza. Ta yi "ƙas… ƙas… ƙas", sau bakwai in ji Hikma, fuskarta ta yi shuɗi, sannan ta yi baƙi. Mma Abiba ta tashi ta ja mayafin ta rufe ta. Juma'ar da ta wuce ta kulle ƙofar falo kamar kullum, har magariba ba a ji komai ba.

Marigayiya ta rasu ta bar allon fuska mai nauyin buhun shinkafa, da firinta wadda dama ba sa shiri, da kibod da harafi biyu suka goge, da lasifika biyu da yanzu ba su da abin faɗa.

Akwai wata magana da ba za a so sa ta cikin sanarwar rasuwa ba, sai dai lokaci ya ƙure. Habibatu, wadda bango ɗaya ya raba flat ɗinta da na Hajiya Suweiba a Ladywood, ta rantse cewa tun bayan sunan nan tana jin tarin Malam Braimah ta bango, yana cewa shayi ya huce. Ranar farko sai da ta zubar da tukunyar miya. Ba a ce kowa ya ɗauki komai ba. An dai ce kwamfutar gidan Hajiya ita ma tana kwance da irin wannan ciwon, kuma Latif, ɗan Hajiya, ya ce ranar Litinin zai wanke ta tas, ita da duk wani flash da ke gidan. Latif, in takardar nan ta zo hannunka, don girman Allah ka dakata.

Jana'iza ranar Asabar. Liman ya ce babu salla, kuma kada a sake tambayarsa. Council ba sa ɗaukar irinta a bin ɗin shara, saboda haka maƙwabcinsu Gimba zai kai gawar wurin recycling a but ɗin tasinsa da ƙarfe sha ɗaya. Bayan nan za a zauna a gida, akwai shinkafa da wake da shito, yajin nan na Ghana.

A ƙarƙashin matakala, inda ake cire takalma, za a ajiye kwanon sha da murfinsa. Duk mai flash da ya halarci sunan nan, ya jefa nasa ciki ya wuce. Ba mai kallo. Matan da suka saba zama bakin taga an ba su aikin yanka albasa a kicin. Falalu ne kaɗai zai buɗe kwanon, a na'urar da ba ta haɗe da komai, kuma ya yi alkawari abu ɗaya zai nema, sauran abin da ya gani zai mutu da shi.

Mma Abiba ta ce a rubuta wannan yadda ta faɗa. In an samu muryar, za a kunna a falo bayan la'asar, ƙofa a buɗe, har da sunan nan da Malam ya kira ta da shi, wanda ba a taɓa ji ba. Kujerar da ke kusa da tata an ajiye ta wa baƙuwa daga Birmingham. Motar safe tana isowa Manchester kafin sha ɗaya.