Makullin Ɗakin Zulai da Babur Mai Caji

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai Zulai ɗakinta ba. Ko na so mantawa ma, ƙawayenmu ba za su bar ni ba.

Bakina ne ya ja min. Wani kamfani ya kawo babura masu caji yankinmu na Dawakin Tofa, irin masu manyan tayoyin nan da aka ce don yashi da burji aka yi su. Ba mai, ba hayaƙi, ba ƙara. In batir ya yi sanyi sai ka kai shagonsu na bakin titi, a musanya maka da cikakke. Ni ko keke ban iya ba, amma na tasa Yaya Nura a gaba da naci har sai da ya sayar da tsohon babur ɗinsa ya karɓo wannan. (Hujjata ita ce na yi kimiyya a sakandare. Sakamakon da na fito da shi kuwa, mu bar wannan zancen.)

Daga nan na zama 'yar tallar da ba wanda ya ɗauka aiki. Wanda ya fi shan bakina shi ne Habu, babban abokin angon Zulai, mai wani babur da ake jin tahowarsa tun yana bayan gari.

"Habu, wannan babur ne ko injin markaɗe?"

"Hajiyar lantarki," in ji shi, "ai markaɗe ko ba wuta yana yi."

To ni ce babbar ƙawar amarya. Da muka gama jere a gidan ango, gwaggon Zulai ta rufe ɗakin da kwaɗo, ta danƙa min makulli ta ce, "Riƙe, ke ce mai ido a tsaye." Garin angon yana tsallaken rafi, ga damina, don haka aka ce da la'asar za a kai amarya. Ita da iyaye a mota, ƙawaye a baburan abokan ango. Ni na ce Allah ya kiyaye sabon ankona ya sha hayaƙi, Yaya Nura ne zai kai ni a mai caji.

"Ku yi gaba," na ce musu. "Can za ku tarar da mu muna jiranku."

Yaya Nura ya ce batir ya yi ƙasa, sai mun biya an musanya. Muka isa shagon, muka tarar da shi a garƙame, ko allon sunan babu. Mai facin da ke gefe ya ɗago kai.

"Ai sun tattara. Shekaranjiya mota ta zo ta kwashe baturan. An ce kamfanin ya rufe, har can inda ake ƙera su."

"Ya rufe kamar yaya? Kamfani ne fa, ba teburin mai shayi ba!"

"To, mai shayi dai ga shi can yana nan."

Yaya Nura ya ce mu nemi ɗan acaɓa ya kai ni. Na ce in shiga garin Habu a kan acaɓa? Wallahi sauran cajin zai kai mu, mu je kawai.

Bai kai mu ba. Babur mai shan mai in zai mutu yana tari, yana shessheƙa, ya ba ka damar yin salati. Wannan kuwa a tsakiyar yashin rafi, tsakanin gonakin gero, kawai ya yi shiru kamar wanda aka ɓata wa rai. Ga nauyi kamar buhun dawa. Yaya Nura yana ja, ina turawa, takalmina mai tsini yana nutsewa, zanina ya kwashi laka har gwiwa. Waya tana ta kuka a jaka na ƙi ɗauka. (Me zan ce?)

Can sai na ji wata ƙara tana tahowa. Ban taɓa jin sauti mai daɗi irin na injin markaɗen nan ba.

"A'a! Hajiyar lantarki! An ɗauke wuta ne?" Habu ya miƙo hannu. "Kawo makullin, amarya tana waje."

Da mai hankali ce da ta ba shi ta koma gida ta ɓuya. Ni na ce amana aka ba ni, ni zan kai. Na ɗare bayansa, muka bar Yaya Nura da gawa.

Muna shiga gidan na ga Zulai a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, a lulluɓe, dangin ango sun kewaye ta, ga hadari ya haɗo. Kun san dai amarya ba ta cewa uffan a gaban abokan ango sai sun sayi baki, kuma abin da suka bayar na ƙawaye ne. Mun daɗe muna shirya yadda za mu matse su Habu.

Maimakon in buɗe ƙofa, sai na tsaya, ɗankwali a karkace, ina warin hayaƙi, na fara jawabi: "Jama'a, ku fahimta, ba laifin fasahar ba ne, shi kamfanin ne..."

Sai murya ta fito daga ƙarƙashin mayafi, ras da ita.

"Dalla malama ki buɗe min ƙofa, ƙafata ta yi tsami!"

Habu ya ɗaga hannu sama.

"Jama'a kun shaida! Amarya ta yi magana! Baki ya buɗu kyauta!"

Wata gwaggon ango ta rangaɗa guɗa, aka kwashe da dariya har da iyaye. Su Habu ko alawa ba su ajiye ba. Irin kallon da ƙawaye suka yi min, da ido yana yanka da ban kwana da rai ba.

Abin da na koya shi ne, in makullin wani yana jakarki, hau abin da kowa ya hau, ki bar wa ci gaba ranar da ba biki. Har gobe ina ganin mai caji ya fi. Sai dai a zuci nake faɗa, don Yaya Nura ya rantse duk ranar da na sake furtawa, ni zan riƙa goya shi a bayana zuwa kasuwa, tunda ni na raba shi da abin hawa.