Addu'ar da Ban Yi Ba a Kabarin Ja'e

Ba zan taɓa mantawa da ƙarshen daminar da aka ɗauke mana sabis ɗin waya ba. Kowa ya sha wahala a lokacin, amma ni abin da ya tsaya min a rai shi ne kunyar da na ja wa kaina da hannuna, hannuwana biyu ma kuwa.

Bari in fara da faɗin ciwona. Ni mayen ƙwallon kwando ne. A Zariya na kwaso cutar lokacin karatu, na dawo da ita Zurmi inda babu mai irinta sai ni kaɗai. (Tsawona kuwa, in na zauna a bayan teburin ajin da nake koyarwa sai ɗaliban layin baya sun miƙa wuya kafin su gan ni. Sau ɗaya na taɓa jefa ƙwallo a kwando, ta dawo ta same ni a hanci.) Kuma ba wasan ne ya fi cin raina ba, hutun da ke tsakanin kakar wasa da kakar wasa ne, lokacin da ƙungiyoyin Amurka ke musayar 'yan wasa. A ba da mutum biyu a karɓi ɗaya, wane ya sa hannu a sabon kwantiragi, wane ya yi fushi ya daina ɗaga wayar koci. Wannan gulmar nake ci in ƙoshi.

Akwai ɗan wasan da muke kira Dogo a guruf ɗinmu na tsofaffin abokan makaranta. Shekarar nan ya samu saɓani da ƙungiyarmu (ka ji ni, wai ƙungiyarmu, alhali ko mai goge musu fili bai san da zamana a duniya ba). Ya ce shi sai dai a sayar da shi. Su kuma suka ce da sauran shekaru a kwantiraginsa, in ya ƙi zuwa atisaye za su riƙe albashinsa. Ana cikin wannan ja-in-ja, saura 'yan makonni a fara atisayen, muka wayi gari wayoyinmu sun koma tocila.

Garin ya yi wani irin shiru da ban taɓa ji ba. Kasuwa ba ta ci, babura sun yi ƙaranci, in mutum ya kama hanyar Ƙaura ko Shinkafi ba ka ƙara jin ɗuriyarsa sai ranar da ka gan shi da idonka. Mutane suna kwana da tunanin 'yan'uwansu. Ni kuma, Allah ya yafe min, da tunanin Dogo nake kwana. Kuma ba dama a ga kana yawon neman sabis, don nan take za a fara raɗa cewa kai ne mai kai wa mutanen daji labari, wannan kuwa ba zargi ba ne da ake wanke mutum daga shi cikin sauƙi.

Ranar da muka kai wani maƙwabcinmu makwancinsa na gano wurin. An gama rufe shi, jama'a na watsewa, na ratsa ta can ƙarshen maƙabarta ta gabas don in yanke hanya, sai na ji cinyata ta yi zirrr. Saƙo ya shigo. Na yi tsaye cak. Na matsa taku ɗaya hagu, babu komai. Na koma inda nake, sanda ɗaya ta sabis ta leƙo, siririya, daga ɓangaren Katsina take tasowa. Wurin daidai kan wani kabari ne da bai daɗe ba, babu allon suna, sai fasasshiyar tukunya da ƙaya da aka jibga.

Mai hankali zai yi a'uziyya ya wuce. Ni washegari bayan la'asar na dawo, sanye da riga mai faɗin hannu.

Ga yadda nake yi. In tsaya ta wajen kan kabarin, in fuskanci gabas tunda daga can sabis yake zuwa, in ɗora wayar a tafukan hannuna biyu, in ja hannun riga ya rufe ta, in ɗaga daidai fuskata. In na sauke ƙasa da haka, sabis ya gudu. Haka zan tsaya, wani lokaci rabin awa, bakina na motsi ina karanta saƙonnin guruf ɗaya bayan ɗaya. Wallahi a lokacin ban taɓa tunanin yadda mai hange daga nesa zai gan ni ba.

Maƙabartar ta cika da ciyawa har gwiwa, gero ya kewaye ta ta ɓangare uku ya fi ni tsawo (wannan ba abin yabo ba ne ga geron). Ko tsuntsu ba ya kuka a wurin. In iska ta taso sai ka ji ganyen gero na shafar juna kamar mutane na raɗa, in ta tsaya kuma ka ji bugun zuciyarka.

A rana ta huɗu na tarar an nome ciyawar da ke daidai inda nake tsayawa. Wurin tsayuwata kaɗai, ba a taɓa ko'ina ba. Na ce ƙila masu gyaran maƙabarta ne. Bayan kwana biyu na tarar da faffaɗan dutse an ajiye a gefe, irin wanda mutum zai zauna ya huta. A cikin danshin ƙasa akwai sawun takalmin roba, da ɗan rami zagayayye a gefen kowane taku, alamar sanda. Sawun ya fito daga cikin gero, ya zagaye kabarin, ya koma cikin gero.

Na yi niyyar juyawa gida. Amma a ranar ne labari ya zo cewa wakilin Dogo ya gana da wata ƙungiya a ɓoye, saboda haka na tsaya na karanta har ƙarshe.

Daga nan na fara ganinsa. Can ƙarƙashin tsamiyar da ke bakin maƙabarta, mutum ne dogo, siriri, da malafa, ya gitta sanda a kafaɗa ya rataya hannuwansa a kai. Ba ya motsi. Ba ya sallama. In na sunkuyar da ido kan waya na ɗago, babu shi. Kowa ya san abin da ake cewa game da tsamiya, balle ta maƙabarta. Wata rana kuma na tarar da ƙaramar jarka rataye a jikin ƙayar kabarin, cike da nono, da sanyinsa. Ban taɓa ta ba. Na koma gida, na yi rantsuwa na gama zuwa. Washegari da la'asar ta yi sai na tuna saura kwana biyar a fara atisaye, na ɗauki rigata.

A gida kuwa labari ya riga ni isa. Mahaifinmu malami ne, shekara uku ke nan da rasuwarsa, a maƙabartar nan yake kwance, kuma ni ne ɗan da ake ganin boko ya cinye. Sai ga Inna ta fara dubana da wani irin ido. Wata rana ta ajiye min tuwo da tsoka biyu a sama, ta ce, “An ce kullum kana zuwa gaida Malam. Allah shi yi maka albarka, ɗan nan. Ashe kana da zuciya.” Ta share hawaye da bakin zane. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, sai na ga naman. Na ce amin.

Ranar da abin ya fashe, ranar fara atisaye ce. Tun a aji hankalina ba ya jikina. Ina idar da la'asar na nufi maƙabarta. Hadari ya haɗu ta gabas, gari ya yi duhu-duhu, iska ta ɗauke gaba ɗaya. Na ɗaga hannu. Saƙo ɗaya ne ya shigo, na murya, daga Nura, wanda ya fi kowa baki a guruf. Na ƙure ƙarar wayar don lasifikarta ta fara mutuwa, na danna. Ɗan da'irar nan ta kama juyawa, saƙon ya ƙi sauka.

Sai na ji gyaran murya a bayana.

Na juya wuya a hankali, hannuwana na nan a sama. Baffana ne, ƙanin mahaifinmu, limamin unguwarmu, da dattawa biyu na masallaci. A gefensu kuma mai malafar nan. Kusa da kusa ba aljani ba ne, tsoho ne Bafulatani, idanunsa sun yi ja, takalmin roba a ƙafarsa.

Baffa ya ce, “Kada ka sauke hannunka, ɗana. Wanga Malam Buba na. Shi yaz zo har gida yana godiya.”

Tsohon ya matso, muryarsa ƙasa-ƙasa. “Ɗan malam, kushewar ɗana ta, Ja'e. Ran da munka kawo shi, mu shida mun ka yi mai salla. Mutanen gari tsoronmu sukai, mu ma tsoronsu mukai. Na ɗauka ba mai tuna shi sai ni. Sai nig ga ɗan babban gida kullum tsaye bisa kanai, hannu sama. Kunyarka nika ji, shi as sa ban matso ba. Nonon ma ban san ko ka sha ba.”

Baffa ya girgiza kai, idonsa ya ciko. “Mu muna can muna cewa wurin ubanai yaka zuwa. Ashe ya bar mai masu addu'a, ya zo ga wanda bai da kowa. Ci gaba, mu amsa maka.”

Suka jeru a bayana su huɗu, suka ɗaga hannu.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata, ga shi kuwa wurin da ya dace. Babban yatsana na laluben maɓallin kashewa a cikin hannun riga, gumi ya sa yana zamewa. Na fara, “Allahumma-gfir lahu...”

“Amin,” in ji su.

“Warhamhu...”

“Amin.”

Sai saƙon ya sauka.

“GAJEREEE!” Murya ta fashe daga cikin tafin hannuna, ta karaɗe maƙabartar. “Kana raye kuwa? Mutuminka ya ƙi zuwa! Wallahi Dogo bai zo atisaye ba! Koci ya haukace, an ce za su ba da shi su karɓo mutum uku! Ka fito daga ramin da kake ka yi magana!”

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi tsalle baya yana salati, hularsa ta faɗi kan wani kabari. Ɗayan ya riga ya kai bakin gero. Wayar ta suɓuce daga hannuna ta faɗa cikin ƙayar kabarin Ja'e, Nura na ci gaba da ƙyalƙyala dariya daga ciki, har sai da ya gaji don kansa.

Baffa bai daka min tsawa ba, da ma ya yi. Ya dube ni, ya dubi wayar, ya sauke hannuwansa a hankali. “Kwana nawa?” ya ce.

“Kusan ashirin, Baffa.”

“Ko Fatiha guda?”

Na sunkuyar da kai. Ya juya ya tafi, dattijon da ya saura ya ɗauki hularsa ya bi shi.

Malam Buba bai tafi ba. Ya sa sandarsa ya zaƙulo wayar daga cikin ƙaya, ya goge ta da gefen rigarsa, ya miƙo min da hannu biyu. Na kasa haɗa ido da shi.

“Wane na Dogo?” ya ce. “Ɗan'uwanka na?”

Na yi masa bayani, kuma ban taɓa jin maganar da ta fi wannan wauta a bakina ba. Na ce wani ɗan wasa ne a Amurka, yana so ya bar inda yake, masu wurin sun hana shi tafiya.

“Ya san ka?”

“A'a, Baba.”

“Yana da rai dai?”

“Yana da rai.”

Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana duban fasasshiyar tukunyar. “To su bar shi ya tahi inda yaka so mana. Nawa ga shi nan, ba inda za shi.” Ya gyara malafarsa. “Ɗan malam, tunda ƙahwarka ta saba da wurin, ka aje abin nan ƙasa ka yi mai wadda niz zaci kana yi. Ni ban da karatu.”

Na ajiye wayar a kan dutsen da ya kawo min. Na ɗaga hannuwana, babu komai a ciki, na ji sun yi sakayau kamar ba nawa ba. Na yi addu'ar tun daga farko, shi kaɗai yana amsawa a bayana, har ruwa ya fara sauka.

A wajen Inna, tsokar dai ta koma ɗaya, daga baya ma ta koma ƙashi. Baffa ya yi wata guda yana amsa gaisuwata da hanci. Shi kuwa Dogo, bayan duk wannan, sai ya shirya da ƙungiyarsa ya ƙara sa hannu, har da hoto yana murmushi da kocin.

An daɗe da maido da sabis, yanzu daga kan gadona nake bin gulmar musayar 'yan wasa, don ban warke ba. Amma duk Juma'a ina zuwa maƙabarta, in fara da Malam, in ƙare da Ja'e, waya kuma a gida nake barin ta. Abin da na koya bai da yawa: in za ka ɗaga hannu a kan kabarin ɗan wani, ka fara duba abin da ke cikin hannun, don wataƙila ubansa na tsaye ƙarƙashin tsamiya yana cewa amin.