Yadda Na Haɗiye Taba Gari Don Girmama Manya

Jama'a, ku taya ni murna. Tun ranar Talata nake riƙe da takardar shaida mai hatimin ruwan zinariya, wadda ta tabbatar cewa ni, direban tasin nan naku mai yawan mita, na daina taba gari har abada. Abin da takardar ba ta faɗa ba shi ne, lokacin da ake miƙa mini ita tabar na nan dam a leɓena na ƙasa, kuma kafin taron ya watse na haɗiye ta duka.

Bari in yi wa masu tsabtar baki bayani, tunda ba kowa ya san harkar ba. Taba gari ba a kunna mata wuta. Garin ganyen taba ne da 'yar kanwa, ka tsunkuli kaɗan daga batta ka cusa tsakanin leɓe da dasashi, ka yi shiru tana ratsa ka. Sharaɗinta ɗaya ne: yawun da take tarawa ba a haɗiye shi, tofarwa ake yi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ni ba gadonta na yi ba, a layin mai na koya. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin da manya suka rantse mana cewa wahalar mai ta mako biyu ce, ni mashayin sigari ne. To wa zai bar ka ka ƙyasta ashana a bakin gidan mai? Ka yini a layi, kai na sarawa, hamma kamar muƙamuƙi zai goce. Sai abokina Mai Faci, wanda rumfarsa ke daura da gidan man, ya miƙo mini battarsa ya ce wannan ba hayaƙi, ba gobara. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Na yi gudun gara na faɗa gidan zago, su kuma mako biyun nan har yau ba su cika ba.

Wata uku ke nan wani farin tabo ya fito mini a cikin leɓe, daidai inda nake ajiye tabar. Ba ya wani ciwo, amma ya ƙi tafiya, kuma in na kai harshe sai in ji wurin ya yi kauri. Da yake ni mai dabara ne, sai na koma ajiye ta ɓangaren hagu, kamar mai sauya wurin fakin. Mai ɗakina ce ta kama ni wata safiya na zazzago leɓe ina leƙe a madubin mota. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi ta ji a rediyo an buɗe Cibiyar Ceton Baki, ana duba mutane kyauta, kuma Talata zan je. Ta sa na yi alkawarin ba zan taɓa tabar ba ranar, don likita ya ga wurin fes. Na ajiye battata a kan tebur a gabanta, na fita da ƙafar dama. Mai Faci ya ce zai raka ni, wai shi ma yana so ya kashe kwarkwatar idonsa.

Gani ya kori ji. Wallahi an yi aiki. Gini fari tas, tayil na ɗaukar ido, kujerun jira a jere. Duk inda ka waiga hoton shugaban kwamitin yaƙi da taba gari ne, Mai Girma Garkuwan Haƙoran Talakawa, yana murmushi da haƙora talatin da biyu cif. Ga allo babba an rubuta cewa duk wanda ya tofar da yawu a harabar nan zai ɗanɗana kuɗarsa. Na leƙa ɗakin dubawa ta taga, na ga kujerar likita sabuwa dal, ko ledar da aka naɗo ta ba a cire ba. Wannan ai tattalin dukiyar jama'a ne, ban ga abin zargi ba.

Aka ba ni lamba sittin da uku. Na tambayi akawu ko likita ya iso, ya ce likita na otal, ana taron bita na kwana uku a kan illar taba gari. Na ce to wa zai duba mu? Ya ce in zauna, ana kan tsari.

Muka zauna. Ku da ba ku sani ba, layi da taba gari tamkar jini ne da hanta. Jikina bai san bambancin layin mai da layin asibiti ba, shi dai ya ga bayan mutum a gabansa ya fara neman haƙƙinsa. Na daure har rana ta take. Kai ya ɗau sara, ƙafa ta ɗau rawa. Na dubi Mai Faci, ya dube ni.

"Direba, ka yi wa iyalinka alkawari fa," in ji shi, alhali hannunsa ya riga ya shiga aljihu.

Na ce alkawarin don likita ne, kuma ga shi likita na otal. Na tsunkuli mai kauri na cusa.

Ko minti biyar ba a yi ba muka ji jiniya. Ashe Mai Girma ne ya kawo ziyarar ba-zata, irin ba-zatar da tun safe aka kafa mata rumfa aka jera lasifika. Masu tsaro suka rufe ƙofa, ba shiga ba fita. Wani mai ɗauke da fayil ya shigo yana bin fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda za a nuna wa 'yan jarida a matsayin tubabbe. Kowa a layin na ƙorafin rashin likita, ni kaɗai na yi gum, baki a rufe, ido a ƙasa. Ya ce ga mutumin kirki nan. Ya tambayi sunana, Mai Faci ya amsa mini. Ya tambaya ko na daina, amma bai jira amsa ba, don tuni an buga amsar a takarda.

Aka tsayar da ni kusa da Mai Girma, ya fara jawabi. Ya ce tun da aka buɗe cibiyar nan masu taba gari sun ragu da kashi saba'in cikin ɗari. Aka yi tafi. Ya ce ana shirin gina reshe na biyu, mai hawa uku. Aka yi tafi. Har ya ɗan ratse ya yi mana albishir cewa layin mai ma nan da mako biyu zai zama tarihi. Duk wannan lokaci yawu na taruwa a bakina, kumatu sun cika, na ɗaga haɓa sama kamar mai kallon jirgi. Minti arba'in mutumin nan yana magana.

Can sai ya juyo da murmushin hoton nan, ya miƙo mini takarda da hannu ɗaya, makirfo da ɗaya hannun.

"Bawan Allah, faɗa wa duniya yadda muka cece ka."

Na dubi ƙasa, farin tayil. Na dubi gaba, farar babbar riga da farin takalmi. Na dubi gefe, ga wani ƙaton mai tsaro da allon hukunci a saman kansa. Gaba kura, baya sayaki. An haife mu an ce mu girmama manya, don haka na runtse ido na haɗiye, yawu da gari da kanwa gaba ɗaya.

Wanda bai taɓa ba, kada ya gwada. Rumfar ta fara juyawa, gumi ya keto mini, shaƙuwa ta kama ni, hawaye na bin kumatu. Da ƙyar na haɗa 'yan kalmomi na ce, "Ranka ya daɗe, a duba mini bakina."

Mai Girma ya dafa kafaɗata ya dubi kyamara ya ce, "Kun ji ko? Har ya fara kishin lafiyarsa." Aka yi tafi mafi ƙarfi, aka ɗauke makirfo, jiniya ta tashi. Da yamma aka nuna ni a talabijin, aka ce wani tubabbe ya fashe da kukan godiya. Mai Faci ya rantse mini cewa ana tsakiyar jawabi wani direba daga ayarin Mai Girma ya zo ya roƙe shi ɗan tsunkule, ya ce ba nasa ba ne, na mai zaman kujerar baya ne. Wace motar, wace kujerar, ni ban gani ba, a bar kaza cikin gashinta.

Na koma gida ina tangaɗi. Mai ɗakina ta shaƙi warin tun daga ƙofa, amma abu ɗaya ta tambaya: me likita ya ce? Na miƙa mata takardar. Ta karanta har ƙasa, ta ajiye, ta ɗauki mayafinta ta ce in biyo ta. Gidan Sista muka je, tsohuwar nas ɗin layinmu da ta yi ritaya, wadda ko hoto ɗaya ba ta da shi a bango. Ta wanke hannu, ta kunna fitilar wayarta, ta ce in buɗe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Minti biyu ta yi tana dubawa, kuma na lura ta daina zolayar da ta tare ni da ita.

Ta ce zai iya zama ba komai ba, zai iya zama wani abu, kuma ba mai rabewa sai an ɗan yanki wurin an gwada a babban asibiti. Ta ce Litinin ita da kanta za ta kai ni wurin wanda ta sani.

"Amma daga yau, ɗana, ko warin taba kada ya ƙara zuwa kusa da leɓen nan."

Ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro, irin wanda ban ji ba a gaban masu tsaro. Na tuna 'ya'yana uku, na dubi mai ɗakina na ga ta kawar da kai tana gyara mayafin da bai karkace ba. Muka taho gida.

Muna shiga ta nemo ƙusa ta kafe takardar Mai Girma a saman ƙofar ɗaki, inda sai na gan ta kullum in zan fita.

"Baban yara, ga shi manya sun rubuta ka daina, har da hatimi," in ji ta. "Kai kaɗai ka rage ba ka sani ba."

Na ɗauko battar daga kan tebur na miƙa mata. Ta juye garin a kwata, ta wanke ta, yanzu allura da maɓallai take zubawa a ciki.

Yau kwana huɗu. Kaina kamar ana dakan ƙarfe, fasinja biyu sun sauka kafin su kai inda za su saboda baƙin raina, kuma na tauna cingam ɗin da ya isa a liƙe taya. Jiya na yi awa biyar a layin mai, daura da rumfar Mai Faci. Ya zo ya jingina da motata, hannunsa bai kusanci aljihu ba. Da zai tafi ya tambaye ni, cikin ƙasa da murya, ko Sista na duba bakin wanda ba ɗan layinmu ba.

Ku sa ni a addu'a ranar Litinin. Idan kuma waninku ya haɗu da Mai Girma, ya gaya masa cewa takarda ɗaya daga cikin takardun kwamitinsa ta zama gaskiya. A faɗa masa a hankali, kada ya firgita, ba laifinsa ba ne.