Allon da Na Mayar Teburin Shayi

Ko na manta da komai na zamana a Riyad, ba zan taɓa mantawa da ranar da na toshe wa jama'a hanyar dutse ba. Lokacin ina aiki a wata gonar dabino bayan Dir'iyya, a gindin tsauni, ni da Isuhu mutumin Maraɗi. Allah sarki, iskar yammacin wurin nan har yau ina kewarta.

Kafilina, wato mai gonar da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, ya kawo waya da turaku, ya ce a kewaye gona kafin ya dawo daga tafiya. Ya miƙo mini takarda mai zanen iyakar gonar daga baladiyya, wato hukumar gari. Na jujjuya ta ina gyaɗa kai kamar alƙali (ko alif ban sani ba a lokacin, kunya ta hana ni faɗa). Ni da na tashi ina yin darni a ƙauyenmu, wace takarda za ta koya mini shinge?

A gefen gona akwai 'yar hanya da ta hau dutse. Na duba, babu kashin shanu, babu sawun kofato. A wurinmu burtali ake bar wa dabbobi, wannan kuwa ba burtali ba ne, sai na ja waya na rufe ta. Wani koren allon ƙarfe da ke kafe a wurin na tumɓuke shi, na ɗora kan bulo huɗu, muka samu teburin shayi.

"Yaya, anya kuwa? Rubutu fa ke jikinsa," in ji Isuhu.

"Kai dai zuba shayi," na ce.

Ran Juma'a da la'asar motoci suka yi layi. Iyalai masu hawa dutse shan iska, da dardumansu da butocin gahawa, suka yi cirko-cirko a bakin wayata. Ran Lahadi sai ga ma'aikacin baladiyya tare da kafilina, fuska a murtuke. Iƙamata, takardar izinin zama, saura wata guda ta ƙare, kuma na san in kafilin ya ƙi sabuntawa, sai jirgin gida.

Na ce bari in sanyaya musu rai da shayi. Ma'aikacin ya ɗaga kofi, sai ya tsura wa tebur ido. Ya ture kwanon sukari, ya karanta da ƙarfi, wai hanyar jama'a ce, an hana rufewa. Ya yi dariya har da hawaye.

"Ina takardar da na ba ka?" in ji kafilina.

Na sunkuyar da kai. "Wallahi ban iya karatu ba."

Sai ya ce da na faɗa tun farko da shi da kansa zai nuna mini iyaka. Kwana biyu na yi ina kwance waya cikin rana, Isuhu na kirana injiniya. Iƙama dai an sabunta, ni kuma na shiga ajin manya na koyon karatu a unguwar Ulaisha, da furfurata.

Ashe "ban sani ba" ba ta da nauyi. Gyaɗa kai ne ke sa mutum ɗaukar turaku sau biyu.